'Ya'yan Ɓera, Wayar Salula Da Amanar Da Ke Wuyanmu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 ake ta jita-jita a kan illar igiyoyin da ba a gani, waɗanda ke fita daga waya da turakunta. Wasu sun ce guba ce, wasu sun ce tatsuniya ce. A ganina duka ɓangarorin sun yi gaggawa, alhali Suratul Hujurat ta umarce mu da tantance labari.

A 2018 hukumar nazarin guba ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon wani dogon bincike. An riƙa haska wa ɓeraye igiyoyin salula tun suna cikin mahaifa, kimanin awa 9 kullum, har shekara 2. 'Ya'yan da aka haifa ba su kai 'yan'uwansu nauyi ba, kuma daga baya an sami ƙari a zuciyar wasu daga cikin mazan. To amma, don adalci, duk jikinsu aka haska, da ƙarfin da ya zarce wanda mai waya ke samu. Abin mamaki ma, mazan da aka haska sun fi sauran tsawon rai! Shi ya sa ban yarda a ɗauki wannan a tsorata masu juna biyu ba. Ita ma cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2011, iyakar abin da ta ce shi ne mai yiwuwa igiyoyin su jawo cutar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne ɓerayen kansu. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a wata tafiya, Manzon Allah (SAW) ya ga tashin hankalinta, ya sa aka mayar mata. Idan an hana a raba uwa da ɗanta don wasa, to dabbar da aka wahalar don neman ilimi tana da haƙƙi a kanmu: kada a jefar da abin da aka gano, kada kuma a yi ƙarya da shi.

Saboda haka shawarata ga mai ciki da mai jariri ita ce a daina kwana da waya a jiki ko a shimfiɗar yaro. Ƙarfin igiyar yana raguwa ƙwarai da ɗan nisa, kuma ajiye ta a kan tebur ba ya cin ko sisi.

Wallahu a'alam.