Gargaɗi da Wa'adin Kwana 21 kan Aikin Karaya da Ake Ɗora wa Ma'aikatan Jinya

Daga ma'aikatan jinya mambobin sandika da ke aiki a Bune da kewaye, gundumar Gure, jihar Damagaram

Zuwa ga magabatan da nauyin tsara aikinmu ya rataya a wuyansu



Mun rubuto muku ne kan aikin ƙashi. Wanda babur ya kayar, da yaron da ya faɗo daga bisa itace, da manomin da amalanke ta taka, da tsohuwar da ta zame ta karye a ƙugu, duk hannun ma'aikacin jinya suke fara faɗawa. Tsakanin Gure da Damagaram akwai fiye da kilomita 150, kuma kafin mutumin ƙauyukan Bune ya hau kwalta sai ya ratsa rairayi. A tsawon wannan tafiya babu likitan ƙashi. Mu ne muke wanke rauni, mu tsayar da jini, mu ɗaure gaɓa, mu yanke shawarar wanda zai jira da wanda dole a ɗauka a daren. Muna yin wannan ba tare da cikakken horo na musamman ba, babu wata takarda da ta ba mu izini, kuma albashinmu bai san muna yi ba. Idan an dace, shiru. Idan an samu akasi, sai a tambaye mu wa ya sa mu.

Ku san abin da ke cikin aikin. Ɗaurin da ya matse a kan gaɓar da ke kumbura yana toshe jini, cikin ƴan awoyi naman ya fara mutuwa, ƙarshenta a yanke hannu ko ƙafa. Karayar gwiwar hannu a wurin yara kan taɓa jijiya, don haka sai an duba bugun jini, da launin yatsu, da ko yaron yana jin taɓi. Karayar da ƙashi ya huda fata tana son wanki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar tetanus tun da wuri. Wanda aka horar yakan gane waɗannan da kallo ɗaya. Wanda ba a horar ba yana aiki ne da ƙiyasi. Kuma muddin jama'a suka ga asibiti ba filasta, ba hoto, ba gwani, wurin maɗori za su nufa. Ba mu raina maɗora, sun daɗe suna wa mutane hidima, amma mu ake kawo wa gaɓar da karan ɗori ya shaƙe bayan ta yi baƙi.

Abin da muke nema ba baƙo ba ne. A Amurka, tun 1965 Loretta Ford da Henry Silver suka buɗe horon ma'aikatan jinya masu zurfin ƙwarewa a Jami'ar Kolorado, saboda ƙarancin likitoci a karkara. Malawi, ƙasar da ba ta fi mu wadata ba, ta fara horar da jami'an kula da ƙashi waɗanda ba likitoci ba a 1985, horo na wata 18, kuma su ne ke riƙe da aikin karaya a asibitocin gundumominta. A Kano, Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa a 1959, yana ba ma'aikatan jinya ƙarin horo kan jinyar ƙashi. A 2020 Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin matsayin ma'aikatan jinya masu zurfin ƙwarewa. A gida ma akwai abin koyi: ƙasarmu tana horar da manyan ma'aikata masu sa barcin tiyata da masu taimaka wa likitan tiyata, kuma kowa ya san matsayinsu. Ga makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta ENSP a Damagaram, ga sashen koyon aikin likita na Jami'ar André Salifou, ga Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram inda za a koyi aiki a aikace. Wurin horo akwai shi, yanke shawara ya rage.

Ba kujerar likita muke so ba. Tiyata ta likita ce, kuma ƴan uwanmu likitoci sun fi kowa sanin yadda layin jira ke raguwa idan aka sauke musu ƙananan karaya da bibiyar masu filasta.

Buƙatunmu biyar ne:

1. A fitar da rubutacciyar takarda da ta fayyace abin da ma'aikacin jinya zai yi wa mai karaya, da abin da ba zai taɓa ba, da lokacin da dole ya tura shi gaba.

2. A buɗe horo na musamman kan kula da ƙashi mai takardar shaida da gwamnati ta amince da ita, a ware gurabe ga masu aiki a karkara.

3. Wanda ya kammala a ba shi matsayi da suna a tsarin ma'aikata, da alawus daidai nauyin da ya ɗauka.

4. A haɗa kowace cibiya da likitan da za a kira ta waya a nemi shawara, ya kuma riƙa zuwa duba aiki. Wanda ya yi aiki cikin iyakar da aka shata masa, hukuma ta tsaya masa idan magana ta tashi.

5. A wadata cibiyoyi da filasta, bandeji, ƙarafan ɗauri da maganin zafi, a kuma tsara jigilar masu munanan raunuka yadda neman kuɗin mai ba zai cinye lokacin ceton gaɓa ba.

Mun ba da wa'adin kwana 21 daga ranar da aka karɓi wannan takarda. A cikinsu muna jiran a kira mu zama, a ba mu amsa a rubuce, kowace buƙata da ranar aiwatar da ita da sunan ofishin da zai ɗauki nauyinta. Mun san ba a gina makaranta a mako uku. Amma buƙata ta ɗaya da ta huɗu takarda ce da sa hannu, ba su da uzurin kasafi.

Idan wa'adin ya cika ba amsa, za mu tsaya a kan abin da aka ɗauke mu aiki dominsa kaɗai. Duk mai karaya za mu ba shi agajin farko, mu rubuta masa takardar turawa, ba za mu ja ƙashi ko mu sa filasta ba. Idan aka ƙara kwana 14 a haka, za mu miƙa sanarwar yajin aikin gargaɗi na kwana uku bisa tanadin doka, mu nemi uwar ƙungiya ta ɗauki maganar zuwa Yamai.

Ga jama'ar Bune, iyayenmu da ƴan uwanmu: ko a cikin yajin aiki ba za a rufe ƙofa ga mai zubar jini, ko mai naƙuda, ko yaron da ke cikin mawuyacin hali ba. Muna roƙon sarakuna da malamai su sa baki tun yanzu, don gaɓoɓin ƴaƴanku ake magana.

Ga mambobinmu: kowa ya riƙa rubuta duk mai karayar da ya karɓa, da abin da ya yi masa, da kayan da ya rasa. Wannan rajista za mu ɗora a kan teburin zama. Kada wanda ya yarda a kira shi gefe a sasanta da shi shi kaɗai.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ƙirga ya fara daga ranar da aka buga hatimin karɓa a jikin wannan takarda.

Wassalam.

Kwamitin wakilan ma'aikatan jinya, Bune