Safar Hannun da Ke Kiɗa

A shekarar 2011, a wani taron TED da aka yi a Edinburgh ta ƙasar Birtaniya, mawaƙiya Imogen Heap ta hau dandamali sanye da wata safar hannu mai wayoyi. Ta rera, ta yi nuni da hannu, sai muryar ta naɗu tana maimaita kanta. Ta ɗora wata a kai, ta kaɗa iska, amon ganga ya fito. Safar ita ce daga baya aka sa wa suna MiMu. A kowane yatsa akwai ma'aunin lanƙwasa, a wuyan hannu kuma akwai wanda ke gane juyi da saurin motsi, suna aika saƙo ga kwamfuta ba tare da waya ba. Mawaƙin ne da kansa ke koya wa na'urar cewa dunƙule hannu na nufin kaza, ɗaga shi sama na nufin kaza.

Dabarar ta girmi Heap nesa ba kusa ba. Tun 1920 Leon Theremin ya ƙera a Rasha abin kiɗan da ba a taɓa shi: hannu ɗaya na kusantar sandar ƙarfe sauti na hawa, ɗayan na sarrafa ƙarfinsa. A 1984 Michel Waisvisz ya fito da tasa na'urar hannu a Amsterdam.

Abin da ya ja hankalina ya wuce ƙyaƙƙyawar ƙira. Kwamfuta ta daɗe da raba kunne da ido. Mutum ya sunkuya a bayan allo, sauti na tashi, ba ka san ko kiɗa yake ko wasiƙa yake karantawa ba. Safar ta mayar da sauti jikin mai shi. Idan hannu ya makara, jama'a su ji kuma su gani, kuma ni a ganina wannan yiwuwar kuskure ce ke sa ɗan kallo ya zauna a bakin kujera.

Mu ma mun san wannan. Mai kalangu da hammatarsa yake matse tsirkiya, murya ta hau, ya saki ta sauka. Ɗan Koroso da kacau-kacau a ƙafa yake shiga fili, takunsa na cikin kiɗan. Mamman Shata kuwa a tsaye yake ƙaga baiti, makaɗa da 'yan amshi na bin numfashinsa. Kwatanta wannan da yawancin bukukuwanmu na yau, inda ake saka waƙar da aka gama a situdiyo, mawaƙi na motsa leɓe, hankalinsa na kan liƙi. Ana ɗora wa na'ura laifi, alhali ga wasu can sun sa na'urar ta yi musu biyayya a gaban jama'a.

Safar na da tsada, kuma sai an yi watanni ana atisaye kafin hannu ya daina yin abin da ba a sa shi ba. Ariana Grande ta yi amfani da ita a rangadinta na 2015, amma wanda ya fi burge ni shi ne Kris Halpin, makaɗin jita ɗan Birtaniya da larurar ƙwaƙwalwa ta fara hana yatsunsa kama tsirkiya. Da wannan safar ya ci gaba da hawa dandamali, yana fitar da sautin jita da na ganga daga motsin da jikinsa ke iya yi.