Gudawar da magani ya jawo, ba Flagyl ne maganinta ba

A damunar bara ɗana na biyu ya yi ciwon kunne, likita ya rubuta masa Augmentin na kwana bakwai. A rana ta uku cikinsa ya ɓaci, sai zagayawa yake yi, har ya daina kula abinci. Surukata ta leƙo ɗaki ta ce, "Ke 'yar nan, aika kemis a sayo Flagyl mana." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, bari in kira likitan tukuna."

Abin da ya gaya mini ya kamata a ce na ji shi tun ranar da ya miƙo takardar. Hanjin mutum cike yake da ƙwayoyin bakteriya masu amfani, su ke taya narka abinci, su ke hana miyagu samun wurin zama. Maganin antibayotik irin su Augmentin ba ya tantancewa, da na kirki da na banza yake kashewa. Gudawar daga nan take. Ƙara wani antibayotik irin Flagyl a kai sai dai ya ƙara ɓarna.

Ya ce kar a tsayar da maganin, a ba yaron ruwan gishiri da sukari, sannan ya rubuta furobayotik, wato ƙwayoyi masu rai irin su Lactobacillus, a sha awa biyu bayan maganin. Na yarda da shawarar, kuma akwai hujja: bitar Cochrane ta 2019 a kan yara fiye da 6,000 ta nuna kashi 8 cikin 100 na masu shan furobayotik ne suka yi gudawa, a waɗanda ba su sha ba kuwa kashi 19. Amma ba na kowa ba ne. Bakwaini da mai raunin garkuwar jiki kar a ba su sai likita ya ce.

Kindirmonmu ma yana ɗauke da dangin waɗannan ƙwayoyin, kuma an dafa madararsa kafin ta kwanta. Sai dai kar a haɗa shi lokaci guda da antibayotik irin su ciprofloxacin ko tetracycline, domin madara tana rage musu ƙarfi.

Likitoci da masu kemis, don Allah duk wanda kuka miƙa wa antibayotik ku gaya masa cikinsa na iya ɓaci, ku faɗa masa abin da zai yi. In ya ga jini a bayan gida ko zazzaɓi ya taso, ya koma asibiti a ranar.