Kartar Jamusawa da Tarkacen da Muke Zubarwa

Mai karatu, a wurinmu da an ambaci karta sai hankali ya tafi ga caca da zaman kashe wando. A Jamus kuwa akwai masu tara ta kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi. Kartarsu ta gargajiya alamominta huɗu ne: ganye, zuciya, ƙararrawa da ƙwallon itacen oak. A garin Altenburg aka ƙirƙiro wasan Skat mai kati 32 a farkon ƙarni na 19, kuma tun 1923 garin yake da gidan tarihin karta. Kamfanonin giya sukan sake buga tsohon zanen karta, su sa sunansu a bayan kati don talla, masu tarawa su adana.

Ba giya nake tallatawa ba, ba kuma caca ba. Addininmu ya haramta su. Abin da nake so mu ɗauka shi ne ɗabi'ar adanawa. Kati ɗaya yakan nuna irin tufafin mutanen wani zamani, da salon zanensu, da yadda 'yan kasuwarsu ke jan hankalin mai saye.

To mu fa? A je kasuwar Karmo a Abuja, a ga yadda ake naɗe ƙosai da gyaɗa a tsohuwar kalanda. Ina fostar Turmin Danya na 1990? Ina tambarin atamfar masaƙar UNTL ta Kaduna, wadda ta rufe a 2007? Tallace-tallacen da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta riƙa bugawa bayan kafuwarta a 1939, ɗalibai nawa ne suka taɓa ganinsu? Alhali a cikinsu ne za a ga yadda Hausar kasuwanci ta yi ta sauyawa.

Wani zai ce mai neman na abinci ina ruwansa da tsohuwar takarda. Gaskiya ne, amma ajiya ba ta cin kuɗi. Kwali ɗaya ya isa, a nisanta shi da gara da danshi.

Ina kira ga Sashen Hausa da ya ware akwatin tara irin waɗannan takardu, kowace a rubuta shekararta da inda aka samo ta. Kamfanoninmu kuma su sake buga tsofaffin tallansu a kalandar shekara. Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana. Allah ya sa mu gane.