Mun Ɗauki Bidiyon Amarya, Mun Bar Kaka Ta Tafi Da Tarihinmu



Kwanakin baya mun yi jana'izar wani dattijo da ya haura shekara tamanin a unguwar nan. A wurin zaman makoki aka ce a aika wa danginsa na Arewa. 'Ya'yansa bakwai, jikoki ba iyaka, amma ba wanda ya iya faɗin sunan ƙauyensu. "Wajen Kano ne dai." To Kano gida ɗaya ce? A gidan nan kuwa, bara aka ɗauko mai kyamara kwana uku yana bin amarya, daga kamu har kai lefe da walima. Tsohon yana zaune a zaure da carbinsa, ba wanda ya ce masa, "Baba, ba mu labari."

Wannan sakaci namu ne duka. An kafa Sabon Ibadan a 1916. Kakanninmu sun biyo jirgin ƙasa da turbar shanu, suka ɗaure huhun goro zuwa Arewa, suka zama masu gida da dillalai, baƙo ya sauka ya bar dukiyarsa hannunsu ba takarda sai amana. Wani Bature, Abner Cohen, ya zo ya zauna da su, ya fitar da littafi a kansu a 1969. Baƙo ya ga darajar bakinsu, mu jikoki muna kallon su kamar tsohuwar tabarma.

Wasu na cewa hoto haramun ne. Wanne hoton? Wa'azin Malam Ja'afar da muke kallo a waya tun rasuwarsa a 2007, da me aka ɗauka? In zuciyarka ba ta natsu ba, ɗauki murya kawai. Wasu kuma na cewa ɗaukar tsoho kiran ajali ne. Wannan camfi ne, mu tuba. Ajali ba ya jiran kyamara. Addinin da ya hore mu da sada zumunci, yaya za mu sada da dangin da ba mu san sunansu ba?

Kuma abin ya wuce marmari. Nan ana ce mana baƙi, can gida a ce mana 'yan Kurmi. Yaro zai nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma don makaranta ko aiki, a tambaye shi gidansu da mai unguwarsu, ya yi zuru. Rigimar gado nawa muka zauna sasantawa a masallaci saboda wanda ya san yadda aka sayi gidan yana kabari?

Ba sai an kashe kuɗi ba, wayar aljihunka ta isa. Ka zauna da Baba bayan la'asar, wuri mara hayaniya. Tambaye shi sunan mahaifinsa da kakansa, garinsu, shekarar da ya zo, a gidan wa ya sauka, wa ya koya masa karatu. Kada ka katse shi. Iyayenmu mata, a bar jikoki mata su ɗauke su, don su ne suka riƙe lissafin aure, haihuwa da shayarwa. In an gama, a kwafa a wuri biyu ko uku, a tura wa dangi, tunda waya tana ɓata.

Juma'ar nan, kafin ka buɗe shago, ka fara da tsohon gidanku. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon cika zumunci. Wassalam.