Baƙon keke, ma'aunin lafiyar hanya

Ina ɗan koleji, wata ranar Lahadi ta kasuwar Tawa, na tarar da taro wajen mai gyaran kekuna. Wani Nasara ne zaune ƙasa, rana ta ƙone shi ya yi jawur, kekensa kuwa an ɗora masa jakunkuna huɗu da gorunan ruwa kamar jakin fatake. Daga Agadas ya fito. Da yake ina jin faransanci, sai aka sa ni tafinta. Wani dattijo ya ce in tambaye shi: ba ya da kuɗin mota ne? Ya yi dariya, ya ce kuɗin akwai. Dattijon ya kaɗa kai ya ce, "To, Allah ya sawwaƙe."

Tambayar dattijon ba ta wauta ba ce. Mu mutanen Adar mun san tafiya, Abijan da Legas da Libiya duk sun san mu. Amma tafiyarmu ta neman abinci ce, kuma wanda ya samu ba ya zaɓen wahala. To me ke sa mai hali ya bar ƙasarsa ya zo yana tuƙa keke cikin rana?

Abin ba sabo ba ne. Tsakanin 1931 da 1936 wani mutumin Polan, Kazimierz Nowak, ya ratsa Afirka daga arewa zuwa kudu, ya kuma komo, wajen kilomita 40.000, galibi bisa keke, wani wuri da ƙafa ko doki ko raƙumi ko jirgin ruwa. Shekara guda bayan komawarsa gida ya rasu, jiki ya gaji. Wani Bajamushe kuma, Heinz Stücke, ya bar gida a 1962 da kekensa, ya yi shekara fiye da 50 yana yawon duniya. Da aka gama kwaltar Tawa zuwa Arlit, wadda ake kira hanyar yuraniyom, wajen 1980, sai irin waɗannan mutane suka riƙa biyowa ta wurinmu: daga Tamanrasat su shigo ta Asamaka, su bi Arlit da Agadas, su sauko Abalak da Tabalak, su kwana Tawa, su wuce Ƙonni.

Wahalar kuwa ba ƙarama ba ce. A wancan lokaci daga Asamaka zuwa Arlit kilomita wajen 200 ne na rairayi, inda mai keke kan sauka ya tura, ko ya roƙi direban babbar mota ya ɗauke shi. Daga Agadas zuwa Tawa wajen 400 ne, kwana huɗu ko biyar ke nan ga mai ƙarfi. A lokacin ɗari iska daga arewa maso gabas take busowa: mai saukowa tana tura shi, mai hawa kuwa tana bugun ƙirjinsa wuni guda. In ya kauce daga kwalta don ya huta a inuwa, ƙayar aduwa da tsidau na jiran tayarsa. Ga biza, ga shingen jandarmomi da ƴan duwan, ga zazzaɓin sauro. Amma babbar magana ita ce ruwa. Cikin zafi mutum kan sha lita goma a wuni, kuma kowace lita kilo guda ce bisa keke. Ba ya iya ɗaukar na kwana da yawa.

Nan ne fa daɗin yake, in ji baƙon nan namu. Tunda ba ya iya ɗaukar ruwa, dole ya tsaya kowace rijiya ya yi sallama ya roƙa. Motocin tseren Pari-Dakar da suka riƙa ratsa Tawa a shekarun 1980 ƙura kawai suka bar mana. Mai keke kuwa sai ya sha shayi kofi uku a zangon Abzinawa, ya ci cuku, ya sha furar Fulani, ya ci soyayyen kifi bakin tabkin Tabalak, ya kwana zauren mai gari. Ya koyi "sannu" da "na gode" kafin ya koyi sunan garin. Sannu ba ta hana zuwa, kuma mai tafiya sannu shi ke ganin mutane.

Yau ina suke? Rikicin Cintabaradan na watan Mayu 1990 da tawayen da ya biyo baya, tare da yaƙin Aljeriya da ya soma a 1992, sun tsinke hanyar. Bayan yarjejeniyar 24 ga Afirilu 1995 baƙi sun ɗan dawo, cikinsu har da wanda na yi wa tafinta. Sai tawayen 2007, sai satar ma'aikata a Arlit a 2010, sai ɗauke wani Ba'amurke ma'aikacin agaji daga gidansa a Abalak a 2016, sai kisan mutum 137 a yankin Tiliya a watan Maris 2021. Tun daga nan ba mai hankalin da zai ce wa baƙo ya hau keke shi kaɗai ya nufi arewa.

Wani zai ce ina ruwanmu da Nasara da kekensa. Da ruwanmu, ƴan uwa. Mutumin da ba ya da bindiga, ba ya da rakiya, ba ya iya tsere wa kowa, in ya kwana bakin hanya ya tashi lafiya, to hanyar nan ta yi lafiya ga kowa: ga ɗan kasuwa mai kai albasa da gero Agadas, ga malamin lakwal da aka tura ƙauyen Kawo, ga makiyayi mai koro bisashe kasuwar Abalak. Hukumomi suna da rahotanninsu na tsaro. Ni dai nawa ma'aunin mai sauƙi ne: ranar da yaran Tabalak suka sake bin wani baƙo mai keke da gudu suna ihu, ranar zan yarda arewacin Adar ya samu kansa.

Allah ya nuna mana wannan rana. Sai sati mai zuwa, in muna da rai.