Karatu ta intanet, aiki a ɗakin awo: sabon salon musanyar ɗaliban kiwon lafiya a Turai

A duk lokacin da likita ya tura majinyaci awon jini ko na fitsari, akwai ma'aikacin da ba a cika gani ba, wanda sakamakon da ya rubuta ne zai nuna irin maganin da za a bayar. Yadda ake horas da irin wannan ma'aikaci yana sauyawa a jami'o'in Turai, inda tun shekarar 2021 aka shigo da wani salo na musanyar ɗalibai mai haɗa darussa ta intanet da gajeriyar tafiya zuwa wata ƙasa.

Salon ya fito ne daga Erasmus+, shirin musanyar ɗalibai na Tarayyar Turai da aka kafa a 1987, wanda aka ware wa sama da yuro miliyar 26 daga 2021 zuwa 2027. A tsohon tsari, ɗalibi kan bar jami'arsa ya yi watanni, wani lokaci shekara guda, a wata ƙasa. A sabon tsarin kuwa, jami'o'i uku ko fiye, daga ƙasashe uku daban-daban, su ne ke haɗa kai su tsara darasi ɗaya. Ɗalibansu su fara aiki tare ta intanet, kowa yana garinsu, sannan su haɗu a ɗaya daga cikin jami'o'in na tsawon kwana 5 zuwa 30. Dole ne ɓangaren intanet ya kasance a ciki, kuma dole ne a ba ɗalibi aƙalla maki 3 cikin makin da jami'o'in Turai ke lissafa karatu da su. A ƙa'idojin 2024, ɗalibin da ya yi tafiyar yana samun yuro 79 a kowace rana ta makwanni biyu na farko, wato kimanin jika 52 na sefa.

Dalilin da ya sa ya dace da masu awo

Ɗaliban kimiyyar awon cututtuka suna cikin waɗanda doguwar tafiya ta fi yi wa wuya. A ƙasashe irin su Fotugal, Danmak da Nowe, doka ce ke tsara wannan sana'a, kuma ba a ba mutum izinin aiki sai ya kammala darussa da sitaj na asibiti da hukuma ta gindaya. Tsawon karatun ma ya bambanta: shekara uku a Nowe, uku da rabi a Danmak, huɗu a Fotugal. Wanda ya tafi wata ƙasa na zango guda yana iya dawowa ya tarar darasin da ya yi a can bai cike gurbin wanda ya rasa a gida ba. Mako ɗaya ko biyu kuwa ana iya samar masa wuri a jadawali ba tare da an rushe komai ba.

Akwai kuma batun aljihu. Ɗalibin da ke aiki don ya ci da kansa, ko matar da ke da goyo, ba za su iya barin gida na wata shida ba, amma suna iya kwana bakwai. Annobar korona ta 2020, wadda ta tilasta wa jami'o'i komawa intanet, ita ta nuna cewa ana iya yin wani sashe na karatun daga nesa.

Yadda aikin ke tafiya a bayyane yake. Ta intanet, ɗalibai na iya duba hotunan jini ko na tsoka da aka ɗauka daga madubin awo, su tattauna sakamakon wani majinyaci, su kwatanta ka'idojin da kowace ƙasa ke bi. Sauran aikin sai da hannu: shafa jini a kan gilashi, shuka ƙwayoyin cuta, gyara na'ura idan ta fara ba da sakamakon da bai yi daidai ba. Waɗannan su ake tanadar wa kwanakin haɗuwa.

Inda gizo ke saƙa

Maki 3 ba wani abu ne mai yawa ba. Shekarar karatu a Turai maki 60 ce, kuma kowane maki yana daidai da aikin awa 25 zuwa 30. Ke nan shirin gaba ɗaya bai wuce awa 75 zuwa 90 ba idan aka tsaya a mafi ƙanƙantar ƙa'ida. Wannan ya isa ɗalibi ya ga yadda wasu ke aiki, ya kuma yi abokan sana'a, amma bai isa ya ƙware a wata fasaha ko ya koyi harshe ba.

Sannan akwai siyasar alƙaluma. A 2009 ministocin ilimi na Turai sun sa burin cewa zuwa 2020 kashi 20 cikin 100 na masu kammala jami'a su kasance sun yi karatu ko horo a waje. Ba a cimma burin ba. A 2024 Tarayyar Turai ta ɗaga shi zuwa kashi 23 nan da 2030. Gajerun tafiye-tafiye hanya ce mai sauƙi ta ƙara yawan masu fita, kuma haɗarin shi ne jami'a ta mayar da hankali ga adadin waɗanda suka tafi, ta manta da abin da suka koyo. Idan kwana biyar suka ƙare a jawabai da yawon buɗe ido, ɗalibin awo ya dawo hannu rabbana. Ma'aunin gaskiya shi ne awa nawa ya yi a gaban teburin awo, kuma ko jami'arsa ta lissafa masa makin a cikin digirinsa.

Abin da ya shafi Nijar

Jami'o'in da ke jagorantar irin wannan shiri dole su fito daga ƙasashen Tarayyar Turai 27 ko ƙasashe shida da ke haɗe da Erasmus+, cikinsu har da Turkiyya da Nowe. Jami'ar Afirka baƙuwa ce a ciki. Ga ɗalibin Nijar, hanyar ta ƙara tsawo tun bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023: Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, daga baya ta rufe ofishin jakadancinta a farkon 2024. Neman biza da kuɗin jirgi saboda zaman mako guda ba ƙaramin nauyi ba ne.

Sai dai dabarar kanta ba ta Turai kaɗai ba ce. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, Jami'ar Ɗan Dicko Ɗankoulodo ta Maraɗi da Jami'ar André Salifou ta Damagaram duk suna da sashen koyar da kiwon lafiya, kuma suna bin tsarin LMD mai lissafa karatu da maki. A Yamai akwai cibiyar bincike ta CERMES. A tsallaken iyaka akwai Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, masu horas da ma'aikatan awo, kuma tafiyar mota ce kawai. Cututtukan ma iri ɗaya ne: zazzaɓin cizon sauro, sanƙarau, sikila. Annobar mashaƙo ta 2023 ta kama Kano, ta kuma kama Matamai a jihar Damagaram, ba ta tambayi kowa takardar tafiya ba.

Matsalolin a nan su ne ɗaukewar wuta, tsadar intanet, ƙarancin sinadaran awo, da bambancin Faransanci da Ingilishi, ko da yake Hausa na iya rage wannan gibi tsakanin ɗaliban Maraɗi da na Kano. Sama da duka, sai shugabannin jami'o'i sun sa hannu a kan yarjejeniyar da za ta sa kowace ta amince da makin da ƴar'uwarta ta bayar. Idan babu wannan takarda, ɗalibi zai je ya dawo da hotuna a waya, digirinsa kuma bai ƙaru da komai ba.